Yadda Zafin Manassas Ya Cinye Ƙodar Ƙanena

Ni ne na ce masa kada ya zauna. Da wannan zan fara, domin duk wanda ya ji labarin Habibu a masallaci ko a waya bai ji wannan ɓangaren ba, kuma idan na ɓoye shi rubutun nan ba shi da amfani.

Sunana Bello. Na haura shekara ashirin a Amurka. Ina zaune a Laurel da matata Hadiza da 'ya'yanmu uku, ina aikin gadi a wani ginin ofisoshi a Largo. Habibu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autan Inna. Shekara goma sha huɗu na yi ina jiran takardar da na cika masa ta fito. Lokacin da na cika ta, saurayi ne mai gyaran babur a Sakkwato. Lokacin da ta fito yana da mata, Rabi, da 'ya'ya mata biyu, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya sauka a watan Afrilu na bara. Shirinmu shi ne ya yi aiki na 'yan watanni, ya kama ɗaki, sannan iyalinsa su biyo shi.

Kusan wata uku ya yi a gida yana jiran katinsa na izinin zama da aiki ya iso, yana zaune cikin sanyin na'ura yana kallon talabijin, duk ya ƙosa. A tsakiyar Yuli maƙwabcinmu Alhassan, mutumin Kumasi, ya ce kamfanin da ke ɗaukar leburori yana neman mutane a wani sito a Manassas, inda shi ma yake aiki. Aikin sauke kwalaye ne daga cikin tirela. Hanya da nisa, amma Alhassan yana tuƙa motarsa kullum, ya ce zai riƙa ɗaukarsa.

Ranar Lahadi da yamma muna cin tuwo na yi masa huɗuba irin ta manya. Na ce, "Sabo ne kai. Kada ka zama na farkon zama, kada ka zama mai tambayar yaushe za a huta. Wanda ya yi ƙorafi a makon farko, ba a kiransa a na biyu."

Hadiza ta ce, "Baban Amira, an ce fa makon nan za a yi zafi mai tsanani. Har gargaɗi suka turo a waya."

Habibu ya yi dariya har da ajiye loma. "Haba Anti! Ni da nake kwance injin babur a bakin titi da tsakar rana a Sakkwato? Zafin Turawa ne zai ba ni tsoro?"

Ni ma na taya shi dariya. Allah Ya yafe mini.

Abin da ban gaya masa ba, alhali na sani, shi ne zafin nan ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka yi gumi iska ta busar da shi jiki ya huce. Na nan kamar ka leƙa kanka cikin tukunyar dambu ne, gumi yana zuba amma ba ya bushewa. Ita kuwa tirela akwatin ƙarfe ce, rufe ta gefe uku, ta wuni a rana kafin a buɗe ta a ce wa mutum ya shiga.

Litinin ya dawo da ciwon kai, muka ce gajiyar sabon aiki ce. Talata ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa har ya kasa yin tahiya daidai, ya yi salla a zaune. Laraba ya ja ni gefe, cikin kunya, ya ce, "Yaya, fitsarina ya koma kamar ruwan shayi." Na ce ya ƙara shan ruwa. Ya ce tulun ruwan da ke kusa da ƙofarsu yakan ƙare kafin azahar, ɗayan kuma yana can ƙarshen sito, idan ka je ka dawo na'urar ƙirga aiki da ke hannunka ta riga ta nuna ka yi jinkiri. Hadiza tana aikin kula da tsofaffi, ta san abin da ban sani ba. Ta ce kada ya fita gobe. Ya dube ni. Na ce, "Saura kwana biyu mako ya cika. Ka daure."

Ranar Alhamis wajen ƙarfe uku na rana wayata ta yi ƙara ina bakin ƙofar aiki. Alhassan ne.

"Malam Bello, ka taho yanzu yanzu. Habibu ya faɗi. Motar asibiti ta ɗauke shi."

"Faɗuwa daga ina? Wani abu ya danne shi?"

"Ba abin da ya danne shi. Zafi ne. Wallahi bai san inda yake ba."

Daga Largo zuwa Manassas a irin wannan lokacin, wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi. Awa biyu na yi cikin cunkoso, ina dukan sitiyari, ina salati, ina kiran Alhassan yana cewa ba su bar shi ya shiga ba. Da na isa aka kai ni wani ɗaki. Na ga ƙanena tsirara sai ɗan ƙyalle, an jibga masa ƙanƙara a wuya da hammata da cinyoyi, an zura masa bututu a maƙogwaro, ruwa yana ɗiga daga gadon zuwa ƙasa. Wata likita, doguwa mai gilashi, ta ce sunan abin heat stroke. Ta ce jikinsa ya kasa fitar da zafi har ya fara dafa kansa daga ciki. Sannan ta yi mini tambayar da har yau take mini yawo a ka: "Minti nawa ya yi kafin a fara sanyaya shi?"

Ban sani ba a lokacin. Daga baya Alhassan ya ba ni labari. Habibu ya fito daga tirela yana tangaɗi, yana magana da Hausa da wani Bature kamar ya san shi, yana tambayarsa ina sifana mai lamba goma. Shugaban layinsu ya zaunar da shi a ofis, ya ba shi gorar ruwa, ya ce ya huta ya koma. Ya fi rabin awa a kan kujerar nan kafin ya zame ƙasa yana karkarwa. Sai a sannan aka kira motar asibiti. Likitar ta ce da a wannan rabin awar an kwantar da shi an yi ta kwarara masa ruwan sanyi, da wataƙila magana ta bambanta.

Makon farko ban san dare ban san rana ba. Aka mayar da shi wani babban asibiti, sashen masu tsananin ciwo. Na'ura ce take masa numfashi. Kullum in tashi daga Laurel bayan asuba, in wuni a kujerar roba ina kallon layukan da ke gudu a allo, ban san ma'anarsu ba amma ina tsoron su tsaya. Wurin aikina suka ba ni kwana biyar, suka ce bayan nan sai dai hutu ba albashi. Hadiza ta ƙara kwanakin aikinta. Kuɗin ajiye mota a asibitin kaɗai ya isa cefanen gida.

Kwana uku ina ɓoye wa Inna. Rabi ta kira ta kira, na ce wayarsa ce ta lalace. A rana ta huɗu Inna ta sa aka kira ni, ko sallama ba ta bari na gama ba.

"Bello, mi ya samu Habibu?"

"Inna, zazzaɓi ne, yana asibiti, da sauƙi."

"Ka ba ni shi in ji muryatai."

"Yana barci."

Sai ta ce, "Ni na haife ka. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka sassauta murya. Ka gaya min in da rai, in babu rai ka gaya min."

Na ce da rai. Na fashe da kuka a gaban injin sayar da lemo, wata ma'aikaciyar jinya da ban sani ba ta tsaya ta dafa mini kafaɗa har na gama. Ban san sunanta ba. Allah Ya saka mata.

A mako na biyu ya farfaɗo. Aka cire bututun, ya buɗe ido, ya dube ni ya ce, "Baba." Mahaifinmu ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Sai bayan kwana biyu ya gane ni, kuma maganarsa ta zama a hankali, kamar mai tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Na yi murna duk da haka, na kira gida aka yi ta hamdala. Murnar ba ta kwana biyu ba likitan ƙoda ya zo. Ya nuna mini jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, kusan babu komai a ciki. Ya ce zafin ya narkar da naman jikinsa, abin da ya narke ya bi jini ya toshe ƙodojin biyu. Ya ce za a fara masa wankin ƙoda. Na ce har yaushe? Ya ce, "Wasu ƙodarsu takan farka bayan makonni. Mu jira." Wannan "mu jira" na riƙe kamar igiya.

A nan ne shawarwari suka fara sauka. Kawunmu daga gida ya ce shi bai yarda ba. "Ɗan Sakkwato zafi ya kayar da shi a ƙasar ƙanƙara? Bello, ka yi hankali. Wannan hannu ne. Mutum ya samu fita waje, ka san ba kowa ke murna ba." Ya ce zai aiko da rubutu ta hannun wani mai tahowa. Wata gwaggonmu ta ce a dafa masa zogale ya sha ruwan safe da yamma. Wani a masallaci ya kawo mini kwalbar man habbatus sauda da wani garin magani da ya ce yana wanke ƙoda tas cikin kwana bakwai. Ina cikin ruɗu, na kusa ba shi a ɓoye. Allah Ya taimake ni na fara tambayar Dakta Amina, wata likita 'yar Zariya da muke salla masallaci ɗaya da mijinta. Ta bar aikinta ta zo har asibitin. Ta ɗauki garin ta jefa a kwandon shara a gabana.

"Malam Bello, addu'a ku yi ta yi, ku tofa masa, ba mai hana ku. Amma duk abin da zai shiga bakinsa sai likitansa ya sani. Ƙodarsa ba ta tace komai yanzu. Ko ayaba ce ka ba shi da yawa, zuciyarsa tana iya tsayawa."

Mutanenmu sun yi mana abin da ba zan manta ba. Matan unguwa suka raba kwanaki, kullum da mai kawo wa yara abinci. 'Yan Gana na masallacinmu suka yi karo-karo ranar Juma'a ba tare da na roƙa ba. Wani ɗan Maraɗi mai tasi ya kai ni ya dawo da ni sau uku da motata ta ƙi tashi, ya ƙi karɓar ko na mai. Amma zan faɗi ɗaya gefen. Akwai waɗanda suka zo dubiya su takwas a lokaci ɗaya, suka cika ɗaki da hira, wani har ya ɗauki hoton Habibu da bututu a wuya ya tura zauren waya, hoton ya isa Sakkwato kafin in yi wa Rabi bayanin halin da yake ciki. Akwai kuma wanda ya ce, a bayan idona, wai ko dai yaron yana shaye-shaye ne. Na ji, kuma na san wanda ya faɗa.

A mako na uku takarda ta zo daga kamfanin inshorar masu sito. Amira, babbar 'yata, ta karanta mini don idona ya ƙi tsayawa a kan layi. Sun ce ba za su ɗauki nauyin jinyar ba. Dalili biyu suka kawo. Na farko, wai zafin ranar kowa a garin ya sha shi, ba aikin ne ya jawo ba. Na biyu, wai rahoton wurin aiki ya nuna ma'aikacin yana azumin addini, shi ya ƙi shan ruwa da kansa.

Hadiza ta miƙe ta shiga kicin ta fito da kular abincinsa, wadda Alhassan ya dawo mana da ita tun ranar. Ta ce, "Shinkafa da wake na zuba masa. Da aka dawo da kular nan, cokali biyu ne ya rage a ciki, ni na wanke ta. Wane irin azumi?"

Na hau sama na buga wa Alhassan ƙofa. Da ya ga takardar ya zauna a kan matakala ya riƙe kai.

"Ni ne," ya ce. "Masu motar asibiti suka ce ya sha ruwa yau? Ni ina wata ƙofa daban, ban gani ba. Na ce ban sani ba, wataƙila yana azumi, yau Alhamis. Don su taimake shi na faɗa, Malam Bello. Shugaban layi yana tsaye yana ji."

Na so in shaƙe shi. Sai na tuna abin da ni na faɗa a kan tuwo, na zauna kusa da shi a matakalar.

A mako na huɗu Dakta Amina ta haɗa ni da wata lauya mai kare ma'aikata. A ofishinta na fara jin abin da ya kamata in sani tun shekaru. Ta tambaye ni inda siton yake, na ce Manassas. Ta ajiye biro.

Ta ce a jihar Maryland, inda nake zaune, akwai doka a rubuce game da zafi a wurin aiki, ta cikin gini da ta waje. Idan zafi ya kai wani mataki dole mai kamfani ya ajiye ruwan sha mai sanyi kusa da ma'aikata, ya ba su inuwa ko wuri mai sanyi, ya ba su hutu, kuma hutun yana ƙaruwa idan zafin ya ƙaru. Dole sabon ma'aikaci a saba masa da zafin sannu a hankali cikin kwanakin farko, ba a jefa shi wuni guda tun ranar farko ba. Dole a koya wa shugabanni alamun ciwon da abin da za su yi nan take. Ta ce a jihar Virginia, inda Manassas take, a lokacin da abin ya faru, babu irin wannan dokar ta musamman. Akwai dai magana ta gaba ɗaya cewa mai kamfani ya kare ma'aikaci daga haɗari, amma ba ta faɗi ruwa nawa ba, ba ta faɗi hutu yaushe ba.

Na ce, "Ke nan da a Laurel siton yake, bayan gidana, da dole su bar shi ya huta?"

Ta ce, "Da dole ne a takarda. Ko a nan akwai masu karya ta. Amma da ina da abin da zan ɗora a gaban alƙali in ce ga layin da suka tsallake."

Kogi ɗaya ne tsakaninmu da su. Sau nawa na tsallake gadar da ke kansa ban taɓa sanin cewa haƙƙin mutum yana canzawa a tsakiyarta ba. Akwai situna birjik a Laurel. Ban nema masa a can ba saboda na Manassas ya fi biya da ɗan abin da bai kai kuɗin burodi ba a awa.

Ta ce za a iya ƙalubalantar inshorar, domin cikin tirela ba daidai yake da zafin da mai tafiya a titi ya sha ba, amma sai da shaida daga wanda ke ciki. Sai wani ya tsaya ya ce tulun ya ƙare, fankar ƙofar ta lalace, an zaunar da shi a ofis. Mutum goma sha wani abu ne a layin. Na bi su ɗaya-ɗaya ta hannun Alhassan. Wani ya ce takardunsa ba su cika ba, wata ta ce ita kaɗai ke riƙe da yara uku. Ban ga laifinsu ba. Alhassan ne kaɗai ya je ya ba da bayani ya sa hannu. Ba su kore shi ba. Kwanakinsa kawai suka riƙa raguwa, daga biyar zuwa uku, daga uku zuwa ɗaya, har wayar ta daina zuwa. Yanzu yana wankin motoci. Duk ranar da na gan shi sai ya riga ni gaisuwa, kamar shi ne mai laifi.

A mako na shida aka sallami Habibu. Ya rame har wandona na da yana zame masa. Kafin a sallame shi na yi kwana huɗu ina zarya tsakanin ofisoshi, domin ba wurin wankin ƙodar da zai karɓe shi sai an san mai biya. Wata jami'ar walwala ta asibitin ta yi mini bayani cewa yawancin tallafin gwamnati ba ya hawa kan wanda bai shekara biyar da zuwa ba. Ita ce ta zauna da ni ta cika fom bayan fom har aka samu wani na gaggawa. A wani ofishin kuwa na yi layi tun safe har azahar, da na isa gaban tagar matar ta ce takarda ɗaya ta rage, in dawo jibi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Takardun kuɗin asibitin suna zuwa har yau. Na daina buɗewa, ina kai wa lauya yadda suke.

Aka sa masa wankin ƙodar Litinin, Laraba da Juma'a a wani wuri a Largo, awa huɗu kowane zama. Na roƙa a mayar da ni aikin yamma don in riƙa kai shi. Yakan fito jiri yana ɗibarsa, ya kwanta a kujerar baya har gida. Juma'a ba ya samun masallaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Tunda ba ya fitsari, duk abin da ya sha yana taruwa a jikinsa, ya kumbura ƙafa, ya cika huhu. Aka ƙayyade masa 'yar gora ɗaya a wuni, har da shayi, har da romon miya. Hadiza takan daskarar da ruwa ƙanana-ƙanana ya riƙa tsotsa. Wata rana na shigo na same shi tsaye a gaban famfon kicin, ya buɗe shi, ba ya sha, kallo kawai yake yi. Da ya ji motsina ya rufe da sauri ya ce, "Ban sha ba, Yaya. Wallahi ban sha ba." Mutum mai shekara talatin da bakwai, uban 'ya'ya biyu.

Wata uku suka cika, likitan ƙoda ya daina cewa mu jira. Ya ce ƙodar ba za ta farka ba, sai dashe. Hunturu ya shigo. Ciwon ya sa Habibu jin sanyi fiye da kowa, yana cikin bargo biyu yana rawar ɗari. Wani da ke aiki a siton har yanzu ya gaya wa Alhassan cewa ƙofofin tirelar a buɗe suke wuni, yatsu suna ƙagewa har mutum ya kasa riƙe kwali, kuma ba wanda ya ba su safar hannu. Na tambayi lauya ko akwai dokar sanyi. Ta ce wannan ma ya fi ƙaranci.

Maganar tahowar Rabi da yara ta tsaya, domin sai an nuna wanda zai riƙe su, ni kuwa ina riƙe da gida da majinyaci. Shari'ar inshora an ɗaga ta sau biyu. Inna takan ce in kawo mata ɗanta ta gan shi. Ban san yadda zan fahimtar da ita cewa idan ya yi mako guda babu injin nan, gawa za a kai mata ba.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, 'yan'uwa, musamman masu karɓar baƙi daga gida. Kada ka ce ɗan Sakkwato ne, ɗan Agadas ne, ɗan Tamale ne, zafi ba ya yi masa komai. Kafin ka tura mutum aikin sito, ko gini, ko yankan ciyawa, ko kicin, ka tambayi jihar da wurin yake da abin da dokarta ta ce, domin doka tana canzawa, kuma ba ɗaya ba ce ko'ina. Ka tambaya ina ruwa yake, yaushe ake hutu. Kwanakin farko su ne mafi haɗari. In ka ga fitsari ya yi duhu, jijiyoyi suna ɗaurewa, kai yana sarawa, a tsaya a gida a ga likita. In ka ga abokin aikinka yana tangaɗi ko yana maganar da ba ta da kai, kada ka zaunar da shi ka jira izinin kowa. Ka kira motar asibiti da wayarka, ka kwarara masa ruwan sanyi har su iso. In an tambaye ka abin da ba ka gani ba, ka ce ba ka sani ba, ka tsaya a nan.

Tun ranar da aka ambaci dashe na ce a ɗauki tawa. Uwa ɗaya uba ɗaya, na tabbata za ta dace. Wannan ne kaɗai abin da ya riƙe ni cikin watannin nan. Na yi gwajin jini, na yi na fitsari, aka ɗaura mini na'urar awon hawan jini na wuni da ita. Makon jiya suka kira ni. Jininmu ya dace. Amma sun gano ina da hawan jini, kuma sukari ya fara kama ni ban sani ba. Likitar dashen ta ce ba za su cire ƙodar mutumin da shi ma wata rana zai iya buƙatarta ba. Na roƙe ta. Na ce zan sa hannu a kowace takarda, na ce ni na yarda in mutu. Ta ce ba a yin haka.

Ranar Laraba na je ɗaukarsa. Ya shiga mota, wannan karon ya zauna a gaba. Na kunna inji na kasa ja. Ya dube ni ya ce, "Sun kira ka ko?"

Na ce sun kira.

"Ba ta yi ba?"

Na ce ba ta yi ba. Na gaya masa dalili. Na ce za a sa sunansa a layin masu jira, amma layin na shekaru ne.

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Ina jiran ya yi kuka, ko ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ya juyo a hankali, da irin maganar nan tasa ta yanzu mai tafiya ɗaya-ɗaya, ya ce, "To kai, sun ba ka magani?"

Na ce sun rubuta mini.

"Ka saya?"

Na ce tukuna.

Ya ce, "Mu biya kantin magani kafin mu je gida. In ka kwanta, Yaya, wa zai kawo ni ranar Juma'a?"

Na ja motar muka tafi kantin magani.